Jirgi a Saman Mota: Saƙo ga 'Yan Bakin Ruwan Kebbi Masu Shirin Fita Waje

Wata ranar kasuwa a Yelwa, bayan la'asar, muna zaune a bakin ruwa ni da kawuna da ɗan yayata wanda ya samu gurbin karatu a Amurka. Jirage na shigowa, ana sauke albasa da busasshen kifi. Yaron ya ce in nuna masa inda nake zaune a Minisota, na miƙa masa waya. Yana ta wuce hotuna har ya iso kan motata da ƙaramin jirgi ɗaure a samanta, sai ya tsaya. Kawu ya karɓi wayar, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To ɗana, wa ya kama maka?"

Kawu ya shekara fiye da hamsin yana su, shi ya sa ya tafi kai tsaye inda wahalar take. A nan gida jirgi a ruwa yake kwana. Ka ɗaure shi a gaci, da asuba ka kwance. Ranar da ake son fito da shi don toshe ɓaraka, kafin ka buɗe baki samari biyar sun tuɓe riga. A can kuwa jirgi a gareji yake kwana ko a bayan gida, tafkin yana da nisan rabin awa ko fiye, kuma maƙwabcinka bai san da zamanka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a can da hannu ɗayan za ka wayi gari.

Na san za ku nemi ruwa. Ɗan Yauri ko Ngaski ko Argungu, wanda ya tashi yana jin ƙarar filafili, ba ya iya shekara biyu tsakanin ɗaki da wurin aiki bai fara ƙunci ba. Ni ruwa ne ya riƙe ni a shekarun farko, bayan Allah. Minisota tana da tafkuna 11,842 idan aka ƙirga masu faɗin eka 10 zuwa sama, kuma da yawa daga cikinsu akwai mashigar da kowa ke da ikon sauke jirginsa. Kanada ma haka take da ruwa, Ingila da Jamus suna da koguna da hanyoyin ruwa da aka haƙa. Samun jirgi ba wuya, na hannu yana da araha. Tsakanin ƙasa da rufin mota, tazarar da ba ta kai mita 2 ba, nan ne mutane ke jin ciwo.

Ni ma a nan na ji nawa. Shekarata ta biyu na sayi jirgin roba irin wanda suke kira kayak, mai nauyin kilo 30 da ɗoriya. Na ce ai na sha ɗaukar buhun shinkafa da ya fi haka. Buhu kuwa yana kwanciya a kafaɗa, jirgi mai tsawon mita 4 ba ya kwanciya. Na ɗaga shi sama da kai, iska ta bugi gefe ɗaya, na murɗa ƙugu don kada ya faɗa kan gilashi. Mako uku ban je aiki ba, a wurin da ake biya da awa. Har yau idan sanyi ya shigo bayan nan yana tuna mini.

Saboda haka kafin ka je kallon jirgi, buɗe littafin motarka. Akwai shafin da ya faɗi nauyin da rufinta ke ɗauka tana tafiya. A motoci da yawa kilo 75 ne, wasu 50, wasu 100. A Amurka da laba za ka ga an rubuta, sai ka raba da 2.2 ka samu kilo. Lissafin ya haɗa da komai: ƙarafan kariya da ake kafawa a rufi don ɗora kaya, na'urar ɗagawa, jirgin, har filafilin da ka cusa a ciki. Jirgin roba na shan iska yakan kama daga kilo 18 zuwa 25. Na masu kamun kifi, mai faɗi da kujera, yakan wuce 30, wasu har 50. Dogon kwalekwalen alminiyom mai ƙafa 17 yana kusa da kilo 34. Mu da muka saba ganin an lafta wa mota kaya a hanyar Jega har ta durƙusa, wannan adadi zai yi mana kama da tsoro. Ba tsoro ba ne. A gudun kilomita 110, idan ka taka burki da ƙarfi, duk abin da ke sama gaba yake son wucewa, kuma nauyi a sama yana sa mota tangaɗi a kwana.

Kariya ita ce tushe: ƙarfe biyu a gicciye, da ƙafafun da aka yi domin irin motarka. Kada ka sayi wadda aka ce tana shiga kowace mota don ta fi sauƙin kuɗi. Duk wata na'ura da zan ambata a kanta take zama.

Dabara ɗaya ce a ƙarƙashin yawancin na'urorin nan, kuma duk wanda ya taɓa ban ruwa da jigo a fadama ya san ta: kada ka ɗauki nauyin duka, ka bar wani abu ya riƙe maka rabi. Mafi sauƙinsu wani ɗan gargare ne mai roba biyu da ke manne wa gilashin baya. Ka ɗora goshin jirgi a kansa, ka koma baya ka ɗaga gindin, ka tura, ya gangara har saman kariya. Rabin nauyi kaɗai ke hannunka. Sharaɗinsa gilashi ya zama a goge tas, don ƙura tana sa robar ta saki. Ka shimfiɗa tsohuwar darduma a ƙasa inda gindin jirgin zai tsaya, kada ya zame a kan kwalta. Akwai kuma sandar da ake zarowa daga cikin ƙarfen kariya ta leƙo gefen mota, ka jingina kan jirgi a kanta, ka ɗaga ɗaya ɓangaren. Kamfanin Rhino-Rack na Ostareliya yana yin wata mai suna T-Loader, doguwar sanda ce da ake kafawa a maƙalin tirela na bayan mota, tana kwantowa ta karɓi jirgi sannan ta miƙe da shi. Ga saurayi mai lafiyar baya da ƙaramar mota, ɗaya daga cikin waɗannan ta wadatar, kuma ita zan ba ɗan yayata shawara ya fara da ita.

Mai doguwar mota, ko wanda shekaru suka fara ja, ko 'yar uwarmu da ke son fita da yara ba tare da jiran kowa ba, su ne nake so su dubi masu saukowa gefe. Waɗannan hannuwa biyu ne da ke zamewa daga rufi su sauko gefen ƙofa har wajen ƙugu. A nan za ka kwantar da jirgi, a nan za ka ɗaure shi kana tsaye da ƙafarka a ƙasa, ba hawa taya, ba miƙa wuya. Sai ka ɗaga hannuwan ka tura su koma sama su kulle. Yakima, kamfanin Amurka, yana da ShowDown, wadda ba ta da wani inji, tsarin ƙarafanta ne ke rage maka wani kaso na nauyin. Thule na ƙasar Suwidin yana da Hullavator, ita nake amfani da ita tun bayan ciwon nan. A cikinta akwai irin ƙarfen nan mai matsattsiyar iska da ke riƙe murfin but idan ka buɗe, sai dai ya fi ƙarfi. Yana ɗauke maka kilo 18 daga nauyin jirgin. Idan jirginka kilo 28 ne, kilo 10 kaɗai ya rage a hannunka. Ranar da na fara gwada ta na tsaya ina kallon jirgin a sama, don ban ji na yi wani aiki ba.

Amma a san abin da ake saye. Iyakar abin da take ɗauka kilo 35 ne, manyan jiragen kamun kifi sun fi ƙarfinta. Ita kanta tana da nauyin kusan kilo 18, kuma daga cikin kason rufinka za a cire. Kariya kilo 6, na'ura 18, jirgi 30, ka kai 54, kana cikin iyaka. Ka ce za ka sa biyu don kai da mai ɗakinka, kun haura 100, rufin kilo 75 bai yarda ba. Tana buƙatar ƙarafan kariya su leƙo waje kamar faɗin tafin hannu, in ba haka ba hannuwan za su goge fentin ƙofa. Sanyi yana rage wa iskar cikinta ƙarfi. Idan babu jirgi a kai kuma, ƙarfin nan yana nan daram, ka riƙe ta da hannu biyu, ka kawar da fuska, ka kori yara daga wurin. Kuɗinta sau da yawa ya fi na jirgin hannu. Ni ban yi da-na-sani ba, don na auna shi da mako ukun da na kwanta. Ana samun ta hannu a kasuwar Facebook idan kaka ta ƙare, lokacin da mutane ke rage kayan gareji. Ka sa mai ita ya ɗora jirgi a gabanka, ka ji da hannunka ko iskar ba ta mutu ba.

A Ostareliya har masu aiki da batirin mota ake yi, igiya da injin naɗi suna jan jirgin alminiyom su kifa shi a sama. Wannan sai manyan motoci. Wanda jirginsa ya wuce kilo 40, ƙaramar tirela ta fi masa, idan yana da wurin ajiye ta. Ɗalibin da ke hawa na uku ba shi da gareji, ya nemi jirgin da ake hurawa, a jaka yake kwana.

Ɗauri kuma, mun iya shi tun muna yara, amma jirgin roba ba kwalekwalen katako ba ne. Ɗamara biyu masu maƙalli da ake ja da hannu, ɗaya a kowane ƙarfe, sun isa riƙe tsakiya. Ka guji irin ta masu manyan motoci da ake ɗaurewa da tarko, tana matsewa har cikin jirgi ya lotsa, musamman a rana, kuma lotsawar ba lalle ta koma ba. Sai igiya daga goshi zuwa gaban mota, wata daga gindi zuwa baya. Su ne ke riƙe jirgin idan kariyar ce kanta ta saki, kuma su ne mutane suka fi yi wa kasala. Ka murɗa ɗamarar sau ɗaya inda take a sarari, kukan da iska ke sa ta yi zai daina. Bayan tafiyar minti 15 ka tsaya ka girgiza jirgin. Idan motar ce ta girgiza tare da shi, ɗaurin ya yi.

Ka auna tsayin motar da jirgi a kai, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Gidajen ajiye motoci da yawa ƙofarsu ba ta wuce mita 2 da 'yan kai ba, kuma mutum yakan dawo a gajiye ya manta da abin da ke bisa kansa.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a Amurka ma daga jiha zuwa jiha. A jihohi da yawa idan kaya ya leƙo bayan mota da ƙafa 4, sai an ɗaura jan ƙyalle. A Jamus mita 1 ne. Minisota tana son a yi wa jirgi rajista idan ya wuce ƙafa 10, ko da ba shi da inji. Tana kuma hukunta wanda ya hau titi da ciyawar ruwa maƙale a jirgi, ko bai tsiyaye ruwan ciki ba, saboda wata mitsitsiyar katantanwa mai ratsi da ke bin jirage daga tafki zuwa tafki tana toshe bututu tana ɓata ruwa. Wanda ya ga yadda ciyawa ke rufe hanyar jirgi a tafkin Kainji ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kamun kifi sai da lasisi, kuma lasisin na fatsa ne. Taru da koma da mamari, ka bar su a gida. A Ingila daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kama yawancin kifayen kogi don lokacin ƙwai ne. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu, kogin Matan Fada na Argungu a rufe yake sai ranar da aka ba da izini.

Rigar ruwa ce abin da na fi jin tsoron ku raina. Mun iya iyo, wasunmu kafin su iya karatu. Amma a watan Mayun 2021 jirgi ya kife da mutane kusa da Wara, kuma babu wanda ke wannan yanki da bai san gidan da aka yi zaman makoki ba, a ruwan da muka sani, mai ɗumi. Ruwan can yakan shafe watanni a daskare. A watan Mayu rana na iya fitowa ka ji kamar ka cire riga, alhali ruwan bai kai digiri 10 ba. Idan ka faɗa, numfashi ne ke fara ƙwacewa, ka shaƙa ba da sonka ba, cikin 'yan mintuna yatsu su daina kama komai. Gwanintar iyo ba ta hana wannan. Dokar Minisota ta ce kowane mutum da rigarsa a cikin jirgi, yaron da bai kai shekara 10 ba kuwa dole tana jikinsa. Ni tawa a jiki take tun kafin in sauke jirgi daga mota.

Da na gama yi wa Kawu bayanin hannuwan nan masu saukowa, ya sa na sake kunna masa bidiyon sau biyu. Ya ce in tambayo masa ko akwai wadda za ta iya ɗaga injin jirgi daga gaci zuwa bayan a-kori-kura, don gwiwoyinsa sun fara ƙi. Ɗan yayata kuwa na rubuta masa abu uku a wayarsa bisa jerin da zai saye su: riga, kariya, sannan jirgi. Jirginsa na sama zai tashi daga Abuja a watan Agusta, zai samu kamar wata biyu na ruwa kafin sanyi ya rufe.