Yadda Ake Tsara Lambun Zagaye Irin na Japan a Garwa da Marwa

Lambun zagaye, wanda Japanawa ke kira kaiyushiki, da ƙafa ake kallonsa. Ya bunƙasa a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da sarakunan larduna ke gina shi don hutawa da karɓar baƙi. An kammala lambun Korakuen na birnin Okayama a 1700, Rikugien na Tokyo kuma a 1702. Tafki ne a tsakiya, hanya ta kewaye shi, kowace kwana da abin da take ɓoye wa mai tafiya.

Da hanyar za ka fara. Zana ta da toka a ƙasa, ka bi ta da ƙafa safe da yamma kafin a sa diga. Duk inda ka tsaya ka hango lambun gaba ɗaya, to tsarin ya samu matsala. Kare wurin da tudu, gora ko zana, yadda ruwan zai ɓace wa ido ya sake bayyana a gaba. Wannan dabara ita ce miegakure, kuma ita ce ran lambun. Duwatsun takawa su kasance santimita 50 zuwa 60 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Inda kake so baƙo ya tsaya ya ɗaga kai, sa masa faffaɗan dutse guda.

Tafki shi ne mai wahala a ƙasarmu ta arewacin Kamaru. Zurfinsa ya kai santimita 80, domin a zafin Maris da Afrilu ruwa mara zurfi kan yi zafi ya kashe kifi. Baƙar laka tana tsagewa da rani ta kumbura da damina, sai ta fasa siminti. A irin wannan ƙasa a shimfiɗa yashi, a ɗora leda mai kauri. Saka karfasa ta rage 'ya'yan sauro, da bado ya yi wa ruwan inuwa. Tarwaɗa kuwa dagula ruwa take yi. Gida mai ƙananan yara ya fi dacewa da busasshen tafki na tsakuwa, wanda su ma Japanawa suna yi.

Ƙasar da aka haƙo kada a kwashe ta, da ita ake tudu. Manyan duwatsu a binne aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kowanne, a jera su uku-uku masu bambancin girma. Dutsen da aka ajiye kawai a saman ƙasa, da gani ka san kawo shi aka yi.

Gansakukar da ke rufe ƙasa a lambunan Kyoto ba ta jure hunturunmu, ciyawar kirikiri ta isa. Dalbejiya a nisanta ta da tafki, saiwarta na huda leda, ganyenta na ruɓewa a ruwa.

Akwai kuma aron kallo, shakkei: mai fili a Garwa ya bar kafa tsakanin itatuwa ta fuskar dutsen Tingilin, na Marwa ya nufi duwatsun da ke bakin gari, a dasa gora ta rufe katanga da kwanon rufin maƙwabta.