Batirin Babbar Mota a Zafin Sakkwato: Kurakuran da Ke Kashe Shi Tun Bai Tsufa Ba

Da sanyin safiya cikin Disamba da Janairu aka fi ganin tireloli da tifofi sun ƙi tashi a Sakkwato. Direba ya murɗa makulli, kik ya yi nishi sau biyu ya yi shiru, sai a kira maigida a ce masa ɗari ya kashe batir. Ba ɗari ba ne. Batirin ya samu rauninsa tun Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40. Sanyi ya zo ne kawai ya tona asiri, domin man inji ya yi kauri, injin dizal kuma yana neman ƙarfi sosai kafin ya kama.

A ƙasashe masu sanyi, batir na darma da asid yakan kai shekara uku zuwa biyar. Amma masu ƙera shi a digiri 25 suke auna shi, kuma sanannen abu ne cewa duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan haka yana raba kwanansa biyu. Saboda haka a nan, wanda ya yi shekara biyu yana aiki kullum ya biya kuɗinsa, wanda ya kai uku an kula da shi ƙwarai. Wanda ya mutu cikin wata takwas ko goma kuwa ba tsufa ya yi ba, kashe shi aka yi, kuma mafi yawan lokaci ta hanyar ruwa.

Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne da shi, kowanne da farantan darma jiƙe cikin asid da ruwa. Zafi da caji suna cinye ruwan, asid ɗin kuwa yana nan bai je ko'ina ba. A nan kuskure mafi muni yake: a buɗe murfi a ga ruwa ya ja baya, sai a aiki yaron mota ya sayo "ruwan batir" ba tare da an fayyace masa wanne ba. A bakin mutane sunan nan abu biyu yake nufi, akwai asid da aka haɗa don sabon batir, akwai kuma tataccen ruwa zalla. Tsohon batir tataccen ruwa kaɗai yake sha. In aka ƙara masa asid zai nuna ƙarfi na 'yan kwanaki, direba ya ji daɗi, alhali asid ɗin ya yi kauri fiye da kima yana ta cin farantan. Ruwan rijiya, na burtsatse da na leda su ma ba sa yi, domin ma'adanan da ke cikinsu, irin su ƙarfe, suna zama a kan faranti su sa batir ya riƙa sauke kansa.

Yadda za a yi: a bazara a duba kowane mako biyu, sauran lokuta sau ɗaya a wata. Ruwa ya rufe faranti da milimita 10 zuwa 15, kamar faɗin ɗan yatsa. Kada a cika har baki, domin in ya yi zafi yana kumbura ya malalo, ya ci akwatin batir da wayoyi. In farantan sun fito fili, a zuba abin da zai rufe su kawai, a yi caji, sannan a ƙarasa. Duk wurin da faranti ya bushe ya sha iska na kwanaki, wannan ɓangaren ya tafi ke nan. Kuma ɗaki ɗaya da ke shanye ruwa fiye da sauran biyar yana gaya maka shi ne zai fara mutuwa.

Sai batun ma'aurata. Manyan motocin Turai da na Sin, irin su DAF, MAN, Iveco da Howo, bolt 24 suke amfani da shi, wato batir biyu aka jera, fosatif na wannan cikin negatif na wancan. Caji ɗaya ne ke ratsa su duka. In ɗaya ya mutu aka sayo sabo aka haɗa da tsoho don a rage kashe kuɗi, ba za su cika tare ba: ɗaya zai riƙa shan caji fiye da kima yana tafasa, ɗayan bai ƙoshi ba. Cikin 'yan watanni tsohon ya ja sabon ƙasa, a koma kasuwa. A canza su tare, girma ɗaya, kamfani ɗaya, shekaru ɗaya. Kada a haɗa mai amfiya 150 da mai 200. Tsohon da ya rage da sauran ƙarfi a ba shi wani aiki, ko fitilar gareji.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma ya cika motocin da ke dogon zango. Rediyo, fanka da cajar waya yawanci bolt 12 suke so, sai mai rewaya ya jawo waya daga batir ɗaya. Motar da ta kwana biyu a layin ɗaukar siminti a Kalambaina, ko tana jira a bakin iyaka a Illela, fanka na juyawa dare da rana, batir guda ne ke ɗaukar nauyin. In an tayar da inji altaneta, wato na'urar da ke caja batir, ba ta san da wannan bambanci ba, jimillar biyun kawai take gani. Wanda aka zuƙa ba zai taɓa cika ba, ɗan'uwansa kuma yana ƙonewa. Maganinsa ƙaramar na'ura ce mai sauke bolt 24 zuwa 12, a haɗa ta da batiran biyu tare da fis. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin batir ɗaya ba.

Gwaji da tartsatsi, wato a ɗora waya ko sifana tsakanin kawuna biyu a ga ƙarfin wuta, a daina shi. Ba ya nuna komai, kuma batirin da ke caji yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta. Batir na fashewa, asid ya watsu a fuska da ido. Haka leƙa ɗaki da ashana ko taba a baki. Ƙaramar mita ta isa. A kashe mota ta huta awa uku ko huɗu, a auna kowane batir shi kaɗai. Bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne, 12.4 ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 12.2 rabi, 12.0 ya kusa ƙarewa. In ya tsaya wajen 10.5 bayan an yi masa cikakken caji, ɗaki ɗaya ya mutu, ba sauran magana. Bayan haka a bar mita a kai, wani ya murɗa makulli. Lafiyayyen batir ba ya faɗuwa ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke juyawa. Wannan awon na biyu shi ne na gaskiya, domin mataccen batir yana iya nuna 12.6 yana zaune, da an ɗora masa nauyi ya zube zuwa 7. Mai cajin da ke da haidiromita, wannan mai kama da babban sirinji da ake auna kaurin asid da shi, ya zuƙi kowane ɗaki, bambancin 0.050 tsakanin ɗaki da ɗaki alamar ƙarshe ce.

Kafin a yanke wa batir hukunci a auna altaneta, don sau da yawa laifin nata ne. Inji na aiki, mota mai bolt 24 ta nuna tsakanin 27.6 da 28.8, mai bolt 12 kuma 13.8 zuwa 14.4. Ƙasa da haka batir ba ya ƙoshi, a fara da duba fambel ko ya saki. Sama da haka dafa shi ake yi, za a ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, jikinsa ya yi zafi, ruwa na ƙarewa da sauri. Sabon batir a kan altaneta mai ciwo zuba ruwa ne a rariya. Kuma a bar al'adar cire kan batir inji na aiki don a ga ko tana caji, ko a ciro batir a je a tayar da wata motar. Wutar da ke tashi a lokacin tana ƙona cikin altaneta, a sababbin motoci har da kwamfutar inji. Mai walda ma kada ya taɓa jikin mota sai an cire batir.

Kawunan batir ba sa son guduma. In tamina, wato maɗaurin waya a kan batir, ta saki aka buga ta, ko aka cusa ƙusa, sandar darmar tana tsagewa daga ciki, asid ya fara tsattsafowa, farin garin nan ya taru. A kwance da sifana, negatif da farko, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. A wanke garin da ruwan ɗumi da ɗan soda ko kanwa, murafu a rufe kada ya shiga ciki, a goge har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure sannan a shafa basilin. A share saman batir ma, ƙurar hunturu in ta haɗu da laimar asid wuta na bi ta kanta.

Batirin amfiya 200 ya kai kilo 50, amma nauyinsa ba ya hana shi tsalle. Tifar da ke shiga ɗaukar yashi, ko motar albasa da ke bin hanyoyin ƙauye wajen Goronyo, in ba maɗauri na ƙarfe, girgiza na kakkaɓe sinadarin faranti ya taru a gindi har ya haɗe ɗaki. Igiya ko tsohon tib ba maɗauri ba ne.

In mota ta ƙi tashi, kada kik ya wuce daƙiƙa 15, a huta minti biyu. Sau uku inji bai kama ba, mai yiwuwa matsalar mai ce ko iska ta shiga layin mai, ci gaba da murɗawa batir da kik kawai zai ƙarar. Motar da za ta yi fiye da mako biyu a ajiye kuma a cire mata negatif, a yi wa batir caji duk wata. In ya zauna a sauke, wani farin gishiri na daskarewa a kan faranti wanda caji ba ya narkar da shi. Caji mai kyau shi ne kashi ɗaya cikin goma na girman batir, amfiya 20 ga mai 200, na awa 10 zuwa 12, a inuwa. Cajin gaggawa na awa ɗaya yana lanƙwasa faranti.

To yaushe za a canza? In jikinsa ya kumbura ko ya tsage, yau ɗin nan. In ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke juyawa bayan cikakken caji, ko ruwan wani ɗaki ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ko yana sauka cikin kwana biyu alhali an cire masa waya, shi ma ya gama. Wanda ya haura shekara biyu a gwada shi cikin Oktoba ko Nuwamba, bayan ya sha bazara, kafin ɗari ya kama, don gara a canza shi a gida da a tsaya da kayan gwari tsakanin Jega da Yawuri.

Wajen saye a duba ranar ƙira, kada ta wuce wata shida, a sa mita a gaban mai shago a ga aƙalla 12.4. A ɗaga shi a ji, batirin da ya yi sakayau fiye da girmansa darmarsa kaɗan ce. In busasshe ne da ake zuba wa asid a shago, a bar shi ya jiƙa kamar awa ɗaya, a yi masa caji kafin ya hau mota. A karɓi rasit, sannan a rubuta wata da shekara da fenti a jikin kowanne daga cikin biyun.