Kurakuran da sababbin masu hawan tuddan Bosomtwe ke ta maimaitawa

Kowace bazara, da ruwan farko ya sauka a Maris ko Afrilu daji ya yi kore, sai samarin unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, a ƙasar Ghana, su haɗa kuɗin mota su ce za su yawon daji. Ina murna da hakan. Abin da ya ishe ni shi ne kurakurai iri ɗaya ake yi shekara da shekaru.

Na farko, fita a makare. Wannan ni kaina na sha wuyarsa. Mun taɓa barin Kumasi bayan ƙarfe goma, muna jiran wani da bai gama cin wake da shinkafarsa ba. Tafkin Bosomtwe kusan kilomita 30 ne daga gari, shi ya sa ake raina tafiyar. Amma tafkin a cikin rami yake, ramin da wani dutse da ya faɗo daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan 1 da suka wuce, ga tuddai sun zagaye shi ta ko'ina. Gangarawa Abono, ƙauyen da ke bakin tafkin, ba wuya, hawowa ne aiki. Muna tsakiyar tudu wajen la'asar hadari ya haɗo, don ruwan wannan lokaci galibi da yamma yake zuwa. Kafin ka ce kwabo jar ƙasar nan ta koma kamar sabulu. Ni kuwa silifas ne a ƙafata. Santsi ya kwashe ni, ƙafa ta gurɗe, mutum biyu suka tallafo ni cikin duhu, don a ƙarƙashin itatuwa dare ba ya jiran magariba. Wata guda na yi ina salla a zaune.

Tun daga nan, in na idar da asuba sai koko da ƙosai, kafin bakwai ina cikin mota, azahar kuma ta same ni na juyo. Wanda ya makara, mu haɗu a gida. Takalmi kuwa kambas mai ƙwarin ƙasa, ba sabo ba, wanda ƙafa ta saba da shi.

Na biyu, hayaniya. Haba ƙannena! Kun taso daga cunkoson kasuwar Kejetia, kun biya kuɗi don ku ga namun daji, sannan ku rataya sifika a wuya tana ta kiɗa? Ku dawo kuna cewa ba komai a dajin sai sauro. Akwai komai, ku kuka kore su. Birai da cilakowa suna jin ku tun kuna nesa. A dajin Bobiri, kusa da Kubease a hanyar Accra, akwai malam-buɗe-littafi wajen iri 400, amma sai wanda ya tsaya cik a inda rana ta ratso ganye yake ganin sun sauka. Ni nakan zauna minti goma ban ce uffan ba, a lokacin dajin yake fara motsi.

Ku riƙa duban ƙasa. Kwarkwasa na tafiya a jere kamar baƙar igiya. Ka tsallake da sauri, kada ka tsaya ɗaukar hoto a kansu, in ba haka ba sai ka tuɓe wando a gaban jama'a. Ni cusa ƙafar wando nake yi cikin safa. Akwai kuma dangin kasa da ke kwanciya cikin busasshen ganye, launinsu ɗaya da shi. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa da igiya. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Kada a ba biri ayaba ko biskit, sabo yake yi ya koma fizge. Ruwa lita biyu kowane mutum, ledar kuma ta dawo cikin jakarka. A nemi ɗan jagora daga ƙauyen, a biya shi hakkinsa ba tare da dogon ciniki ba, don waya takan rasa sabis a gindin tudu. Tafkin kuma wuri ne mai alfarma a wajen Asante, ƙabilar yankin, a tambayi mutanen ƙauye kafin a shiga ruwa.