Babi na 7: Yadda kamfani ke ƙara wayo

Darasi na 1: "Me ya sa?" sau biyar

Kamfani ma yana da hankali. Hankalinsa shi ne abin da ma'aikata suka sani, suka kuma iya faɗa ba tsoro.

A kamfanin motoci na Toyota, a ƙasar Jafan, wani injiniya mai suna Taiichi Ohno ya koyar da wata dabara: in abu ya lalace, a tambayi "me ya sa?" sau biyar. Ku ɗaga hannu ɗaya. Kowace tambaya, ku naɗe yatsa guda.

Inji ya tsaya. Me ya sa? Ya sha nauyi, fis ya ƙone. Me ya sa? Boris, wato ƙarfen da ke sa inji ya juya sumul, ba mai. Me ya sa? Famfon mai ba ya turawa sosai. Me ya sa? Sandarsa ta cinye. Me ya sa? Ba a sa rariya ba, ɓurɓushin ƙarfe ya shiga. Da a yatsan farko aka tsaya, sabon fis za a sa, gobe ya sake ƙonewa.

To, ga inda kuke tuntuɓe. Tambayar ita ce "me ya sa?" Ku kuwa sai ku ce "wa ya yi?" Ku maimaita: me ya sa. Ku rubuta a allo: me ya sa. Kada ku ji kunya, kowa a nan yake faɗuwa da farko. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma fisabilillahi, makon jiya da muka gwada da man gyaɗan da ya yi ɗaci, tun yatsa na biyu kuka fara nuna juna. Haba jama'a! Wadda aka nuna ta yi gum, ga shi ita ce ta ga buhun da ya jiƙe. Sau nawa zan faɗa? Me ya sa. Sai yatsu biyar sun naɗe.

Darasi na 2: Sanin da ba a yi aiki da shi ba

A 1975 injiniyan kamfanin kayan hoto na Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar da ba ta buƙatar fim na ɗaukar hoto. Kamfanin kuwa da fim yake cin abinci, sai ya yi nawa. A 2012 ya shiga kotu ya ce ya karye.

Darasi na 3: Littafin ƙungiya

Ku sayi littafi ɗaya. Ku rubuta kuskuren da aka yi, da kwanan wata. Ku zo da shi ranar Laraba.