Ƙiba, tumbi da maiƙon jini: kurakuran da muka fi yi

Shekara biyu da suka wuce na raka Baffana da matarsa Hajiya awon jini a nan Zariya. Tun muna cikin keke napep daga Tudun Wada Baffa ya gama yanke hukunci: idan akwai mai maiƙo a jini to Hajiya ce, don ita ce mai jiki. Shi kuwa siriri ne, kaftanin da aka ɗinka masa shekara ashirin baya har yau yana shigarsa. Da sakamako ya fito, sai ga mugun kitsen jininsa ya yi sama ƙwarai. Na Hajiya bai wuce ƙa'ida ba, amma sukarinta ya hau. Baffa ya juya takardar gaba da baya, ya dube ni ya ce, "Ɗana, anya ba musanya mana suka yi ba?"

Ba a musanya ba. Kuskure biyu ne suka haɗu a keke ɗaya, kuma kusan kowane gida ana yin su.

Takardar awon kitse tana ɗauke da lambobi huɗu. Akwai jimillar kwalastarol, wani nau'in kitsen jini, wadda ake so ta kasance ƙasa da 5.2 a ma'aunin mmol/L, wato 200 a ma'aunin mg/dL. Akwai LDL, mugun kitsen da ke liƙewa a bangon jijiya har ta ƙuntace. Akwai HDL, wanda ke kwashe kitse ya mayar wa hanta; shi ƙarancinsa ne matsala, ƙasa da 1.0 ga namiji, ƙasa da 1.3 ga mace. Sai TG, maiƙon da jiki ke haɗawa daga rarar abinci, wanda ake so ya tsaya ƙasa da 1.7, wato 150. A fara duba da wane ma'auni aka rubuta, don na taɓa ganin wanda ya kwana bai yi barci ba saboda ya gwada 190 ɗinsa da 4.9 na abokinsa, alhali kusan abu ɗaya ne.

Auna jini da ido

Kuskuren Baffa ke nan. Ƙiba tana da alaƙa mai ƙarfi da hawan TG da saukar HDL, amma alaƙarta da LDL ba ta kai haka ba. LDL ya fi bin gado da irin man da ake ci. Kusan mutum 1 cikin 250 a duniya ana haifarsa da hantar da ba ta iya tace LDL yadda ya kamata, kuma irin wannan mutum ko ya rame kamar sillen kara kitsen na nan. Raunin ƙwayar tayirod da ke wuya da wasu cututtukan ƙoda su ma suna ɗaga shi. Yawan kitsen jini ba ya sa ciwon kai ko jiri, sai dai a wayi gari da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yanke jiki ya faɗi da ciwon zuciya kafin shekara 55, ko yake ganin wani tabo rawaya-rawaya a fatar idonsa, ya je a auna shi ko da bai kai arba'in ba.

Dogaro da sikeli kaɗai

Sikeli yana faɗar nauyi, ba ya faɗar inda kitsen ya zauna. Kitsen cinya da ƙugu yana ƙarƙashin fata, ɓarnarsa ba ta da yawa. Na cikin tumbi kuwa, wanda ya naɗe hanji, jininsa kai tsaye yake zuba cikin hanta. Hanta ta cika da maiƙo, ta riƙa tura TG cikin jini, HDL ya yi ƙasa, jiki kuma ya daina jin maganar sinadarin insulin mai daidaita sukarin jini. Daga nan ciwon sukari ke samun ƙofa. Shi ya sa magidanci mai siraran hannuwa da ƙafafu amma da tumbi a gaba, irin wanda muke yi wa kirari da "Alhaji, hutu ya karɓe ka", zai iya fin mai ƙibar ƙugu shiga haɗari.

Gyaran yana wurin telanka. Ka ari tef ɗinsa, ka tsaya a miƙe ba riga, ka laluba haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef ɗin a tsakaninsu bayan ka fitar da numfashi. Kada ka haɗiye ciki, kada kuma ka auna ƙasan tumbi inda mazagin wando ke zama, don nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu. Iyakar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta sa a 2005 ita ce santimita 94 ga namiji, wato inci 37, da santimita 80 ga mace, wato inci 31 da rabi. Hanya mafi sauƙin riƙewa: zagayen cikinka kada ya kai rabin tsayinka.

Ɗaukar ma'aunin wasu a matsayin namu

Nan ne na fi son a tsaya, domin har masu ilimi a Samaru da Kongo suna faɗawa ciki. Mutum ya karanta wani bayani a intanet wanda aka gina kan jikin Turawa, ya ɗauka haka yake a kan kowa.

A 2004 wasu likitoci biyu abokan juna, Yajnik ɗan Indiya da Yudkin ɗan Ingila, suka buga hotonsu tare a mujallar likitanci ta Lancet. Ma'auninsu na BMI, wato nauyi a kilo a raba da tsayi a mita sau kansa, daidai yake: 22.3 kowannensu. Amma da aka auna kitsen jiki, na Baturen kashi 9.1 cikin ɗari ne, na Ba'indiyen kashi 21.2. Mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash suna tara kitse a ciki tun nauyinsu bai kai ko'ina ba, TG ɗinsu ya hau da wuri, HDL ya sauka. Saboda haka a shekarar ce ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya suka ba da shawarar a fara sa ido kan mutanen Asiya daga BMI 23, ba sai an kai 25 ba, Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya kuma ta sa iyakar cikin mazansu a santimita 90 a 2005.

Mu kuma lamarinmu ya juya ta ɗaya ɓangaren. Bincike a kan baƙaƙen fata na Amurka da matan Afirka ta Kudu ya daɗe da nuna cewa, a nauyi ɗaya da Bature, baƙar fata yakan fi ƙarancin kitsen cikin hanji, kuma jikinsa ya fi saurin share TG daga jini. Wannan kamar albishir ne, amma akwai tarko a ciki. A jikin Bature, hawan TG shi ne ƙararrawar da ke sanar da likita cewa ciwon sukari na tafe. A jikinmu sau da yawa ƙararrawar ba ta kaɗawa. Mace za ta yi ƙiba, insulin ya daina aiki sosai, jininta ya hau, amma TG ɗinta yana nan lafiya lau a takarda. Abin da ya faru da Hajiya ke nan. Da a ce kitse kaɗai aka auna mata, da ta koma gida tana hamdala da ciwon sukari a jikinta. Don haka mai ƙiba da ya ga takardar kitsensa ta yi kyau ya gode wa Allah, sannan ya nemi a auna masa sukari da hawan jini a zama ɗaya.

Ko wancan 94 da 80 ɗin ma na Turawa ne. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya da kanta ta ce mutanen Afirka su yi amfani da shi kafin a samu nasu. Sannan "baƙar fata" ba jiki ɗaya ba ne. Wani babban bincike mai suna RODAM ya gwada 'yan Gana da ke ƙauyukan ƙasarsu da biranenta da waɗanda ke Landan da Amstadam da Balin. Ƙiba ta ninka sau da yawa daga ƙauye zuwa Turai, amma ƙarancin HDL a ƙauyen ya fi yawa, inda mutane suka fi rama. A Najeriya ma ƙarancin HDL na cikin abin da aka fi samu idan an auna jama'a.

"Ai Fulani ma suna shan man shanu"

Wannan magana ana yinta a majalisa, kuma tana da tushe. A 2001 an buga wani bincike kan Fulani makiyaya na tsaunukan Jos: kusan rabin ƙarfin abincinsu daga mai yake fitowa, amma kitsen jininsu bai wuce ƙa'ida ba. Sai dai mutanen sirara ne, abincin da suke ci a yini bai da yawa, kuma wuni suke a ƙafa bayan shanu. Mai shago a kasuwar Sabon Gari da ke zaune kan benci daga safe zuwa magariba, ya hau mashin ko zuwa masallacin layinsu ne, ya ɗauki man shanun Bafillace ya bar tafiyarsa. Lissafin ba zai fita ba.

Man shanu da kitsen tsire da manja suna da nau'in man da ke ɗaga LDL. Kusan rabin manja shi ne. Man gyaɗa da na waken suya sun fi sauƙi. Galan ɗin da aka rubuta wa "babu kwalastarol" kuwa bai faɗi wani sabon abu ba, domin duk man da ya fito daga tsiro ba ya da shi tun asali.

Wanda aka ce TG ɗinsa ya hau yakan daina cin nama ya ci gaba da abin da ya fi yi masa illa, wato zaƙi. Shayi mai cokali huɗu da burodi da safe, lemon kwalba da rana, fura da aka danƙara wa sukari, malmalar tuwon shinkafa biyu da dare a kwanta a kai. Hanta tana mayar da wannan rarar maiƙo. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, yana sauko da TG sosai. Tafiyar sauri ta minti 30 kwana biyar a mako tana taimaka wa HDL, kuma bayan asuba ko la'asar sakaliya babu wanda zai rasa inda zai taka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙwayoyin ƙiba, su "sha ka fashe", da ake ba 'yan mata musamman gab da biki don su ciko. Da yawansu dexamethasone ne. Yana kumbura fuska da ciki, ya bar ƙafafu sirara, ya ɗaga sukari da hawan jini da kitsen jini. Wato daidai kitsen da ya fi haɗari shi yake tarawa. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci ɗaya, don hakan ma yana da haɗari. Likita ne zai rage mata a hankali. Iyaye mata, don Allah a daina matsa wa yarinya don siririya ce.

Ranar awo da bayanta

Idan an ce ka zo da azumi, ana nufin awa 9 zuwa 12 ba abinci sai ruwa. Koko da ƙosai a hanya suna ɗaga TG, a ba ka lambar da ba taka ba. Idan ka ci, ka faɗa wa mai ɗibar jinin.

Wanda aka ɗora kan maganin rage kitsen jini irin su atorvastatin kuma yakan sha kwali ɗaya ya ajiye, ko ya koma wa masu tallar maganin "wanke maiƙo" da lasifika a bakin tasha. Ƙwayar tana riƙe LDL ne muddin ana sha, da an daina ya koma inda yake. Mai ciki ko mai neman ciki ta sanar da likita kafin ta fara. Bayan wata biyu zuwa uku ake sake awo a ga ko ta yi aiki.

Da Baffa ya koma a wata na uku, LDL ɗinsa ya sauko. Likitar ta tambaye shi 'ya'yansa nawa, ta ce ya turo su duka a auna su, sirara da masu jiki, domin idan na gado ne kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka. Hajiya kuma tana zuwa asibitin masu sukari, kuma ita ce yanzu take ajiye tef ɗin awo a cikin kwabarta.