Bazarar farko da ƙaramin yaro a ƙasar sanyi

Idan cikin hunturu kuka sauka Ingila ko Jamus ko Kanada, kuka share wata huɗu ko biyar a ƙunshe cikin ɗaki da yaro ɗan shekara biyu, ranar da rana ta fito da gaske a watan Mayu za ku ji kamar an sake ku daga ɗauri. Maƙwabtan da ba ku taɓa ganin fuskarsu ba duk za su ɓullo, kowa ya baje kan ciyawa. A nan zumuɗi ke kama sabon zuwa, ya zauna ya tsara manyan tafiye-tafiye: bakin teku, gidan namun daji, wani gari mai nisan awa uku. Ni ma haka na yi a bazarata ta farko.

Da sassafe muka fita, ni da maigidana da 'yarmu, lokacin tana da shekara biyu da 'yan watanni. Jirgi biyu da bas ɗaya muka hau kafin mu isa gidan namun daji. Ba mu kai wurin raƙumin dawa ba ta yi barci a kekenta. Da ta farka, babu abin da ya ɗauke mata hankali sai tattabarun da ke tsince-tsince a gindin benci, ta yi kusan rabin awa tana bin su tana ihu. Bayan takwas na yamma muka dawo, kowa fuska a murtuke, kuɗin shiga sun tafi. Tattabaru kuwa ga su nan birjik a ƙofar gidanmu.

Tun daga nan na gane cewa yaron da bai kai shekara huɗu ba ba ruwansa da nisa ko tsadar wuri. Abin da yake so shi ne ƙasa da zai tona, ruwa da zai taɓa, lilo, da wurin da zai ruga ba a ce masa tsaya ba. Kuma yana son a maimaita. Filin wasan unguwarku, wanda za ku taka da ƙafa cikin minti goma, ya fi masa amfani idan ana zuwa sau huɗu a mako fiye da doguwar tafiya guda a wata. Ku ma iyaye kuna da riba a ciki, domin a gefen lilo ake sanin mutane. Uwar da kuka haɗu da ita sau uku a wuri ɗaya, a na huɗu ita za ta gaya miki wace makarantar reno ce ke da gurbi, wane likitan haƙori ke karɓar sababbin yara, da ranar da ake buɗe famfunan wasan ruwa. Irin wannan labari ba a samunsa a takardun da aka ba ku a filin jirgi. Yaron kuma a nan kunnensa ke fara sabawa da harshen garin.

Abin da ya fi rikita mu ba zafi ba ne, tsawon yini ne. A Landan, wajen 21 ga Yuni, rana na fitowa kafin biyar saura kwata na asuba, ba ta faɗuwa sai tara da minti ashirin na dare. A Edinbara sai goma ta gota. Stockholm kuwa tana samun hasken rana na fiye da awa 18. Wanda ya saba auna lokaci da inuwa zai sha mamaki: kuna zaune a lambu kuna zaton la'asar ce sakaliya, ku duba agogo ku ga takwas da rabi. Yaro ba ya cewa na gaji. Rigima yake fara yi, ya jefar da takalmi, ya kwanta a ƙasa yana birgima, ku ɗauka ƙiriniya ce alhali barci ne ya ci ƙarfinsa. Ku riƙa bin agogo, ku bar kallon sama. Ku sa labule mai kauri wanda haske ba ya ratsawa a ɗakin da yake kwana, in ba haka ba ƙarfe biyar zai tashe ku. Fita kuma a tsara ta gefen barcinsa na rana: ko a fita da hantsi a dawo kafin azahar, ko a bari ya tashi sannan a fita.

Sai maganar rana, inda mu baƙaƙen fata muka fi yin sakaci. Za ku ji ana cewa, wannan 'yar ranar tasu ce za ta yi mana me? Gaskiya ne fatarmu ba ta saurin ƙonewa kamar tasu, amma fatar ƙaramin yaro ba ta yi ƙwari ba, kuma iskar nan mai sanyi-sanyi tana ɓoye kaifin ranar. Shawarar hukumar lafiya ta Biritaniya, NHS, ita ce jaririn da bai kai wata 6 ba kada a bar shi cikin rana kai tsaye, manyan yara kuma a nema musu inuwa tsakanin 11 na safe da 3 na rana, a shafa musu man kare fata mai lamba 30 ko fiye, a sake shafawa bayan sun shiga ruwa. Hula mai faɗin baki ta fi hular hana sallah, saboda tana rufe ƙeya da kunnuwa. Wani kuskure da na sha gani, ni ma na taɓa yi: lulluɓe keken jariri da mayafi ko bargo don a tare masa rana. Iska ba ta shiga, zafi yana taruwa a ciki, kuma ba kwa ganin halin da yake ciki. A yi amfani da lemar keken, gefe ya kasance a buɗe.

Kada kuma ku raina zafin kansa. Ranar 19 ga Yuli, 2022, ma'auni ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke gabashin Ingila, karon farko da ƙasar ta haura 40. Gidajen nan an gina su ne don su riƙe ɗumi, yawancinsu babu na'urar sanyaya ɗaki, don haka a irin waɗannan ranaku ɗakin bene na sama ya fi waje azaba. Da rana a rufe labule ta ɓangaren da hasken ke bugawa, a buɗe tagogi idan gari ya yi sanyi. Abin mamaki, duk da wannan zafin rana, NHS na ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan shekara 1 zuwa 4 bitamin D maikirogiram 10 kowace rana, duk shekara har da bazara, kuma masu duhun fata sun fi kowa buƙata domin fatarmu na ɗaukar lokaci kafin ta haɗa shi daga hasken rana.

Mota kuwa magana ɗaya ce: ba a barin yaro a ciki, ko na minti biyar, ko da an sauke gilashi kaɗan. Zafin cikin mota kan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba. A Amurka, a matsakaici, yara fiye da 30 ke rasuwa ta haka kowace shekara, da yawansu kuma mantuwa ce kawai ta iyayen da suka gaji. Ko babu zafi ma, mai wucewa da ya hangi yaro shi kaɗai a mota 'yan sanda zai kira, daga nan kuma sai ma'aikatan jin daɗin yara su shigo gidanku. Kujerar yaro ta mota doka ce: a Biritaniya har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, a Jamus shekara 12 ko santimita 150. Idan wani ɗan'uwa ya ce zai ɗauke ku a motarsa, ku tambaya tun kafin ranar ko yana da kujerar. Rungume yaro a cinya ba ya shiga lissafi.

Jirgi da bas sun fi sauƙi a aljihu fiye da yadda ake zato. A jiragen ƙasa na Biritaniya yaron da bai kai 5 ba kyauta yake tafiya. A Landan wanda bai kai 11 ba ba ya biyan bas, haka ma jirgin ƙarƙashin ƙasa idan yana tare da babban da ya biya. A Jamus ɗan ƙasa da shekara 6 ba ya buƙatar tikiti. Matsalar keken ce. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kacal na tashoshin ƙarƙashin ƙasa na Landan ake shiga ba tare da hawa matakala ba, na birnin Paris ma sun fi haka muni. Ku duba taswira kafin ku fita. A bas, gurbin da ake ajiye keken yara na masu keken guragu ne tun asali, idan ɗaya ya zo dole ku naɗe naku. Shi ya sa na fi son ƙaramin keke mai naɗuwa da hannu ɗaya a kan waɗannan manyan masu kama da gado.

Ruwa shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Ranar da gari ya yi zafi kowa ruwa yake nufa, amma zafin sama bai kai cikin ruwan ba. Tekun da ke kewaye da Biritaniya ko a tsakiyar bazara sanyi gare shi, tafkuna da koguna ma haka, kuma faɗawa ruwan da bai kai digiri 15 ba na sa numfashi ya sarƙe nan take, har ga wanda ya iya iyo. Ga kuma cikar teku da janyewarsa, sau biyu a yini. Wurin da kuka shimfiɗa tabarma da safe zai iya zama ƙarƙashin ruwa da azahar, kuma a bakin teku mai shimfiɗaɗɗen yashi ruwan kan zagayo ta bayanku ya datse hanya ba ku ankara ba. Ku duba jadawalin cikar teku na ranar, ku zaɓi inda akwai masu ceto. A Biritaniya ƙungiyar RNLI ce ke gadin da yawa daga cikin wuraren, tutocinta kuma ba ado ba ne: tsakanin tutoci masu ja da ruwan ɗorawa ake shiga, ja zalla na nufin kowa ya fito, baƙi da fari na masu allon hawa igiyar ruwa ne. Idan kun ga wani ƙyalle mai ruwan lemo kamar safa yana kaɗawa, iska daga tudu take busawa zuwa teku, kada a ɗora yaro kan robar da ake hurawa, cikin ƙiftawar ido za ta yi nisa da shi. Lambar gaggawa 999 ce a Biritaniya, 112 a faɗin Turai, 911 a Amurka da Kanada.

Ƙaramin yaro kan nutse a ruwan da bai wuce santimita 5 ba, kuma shiru yake yi, babu ihu babu fantsama. Haɗarin ya fi yawa a taron iyalai, inda manya goma ke zaune kowa na zaton wani ne ke kallo. Mu dai abin da muke yi shi ne a ambaci suna: Abban Hanifa, kai ke da ita yanzu. Wanda aka ambata ya ajiye waya, ya tsaya inda hannunsa zai kai gare ta, har sai ya miƙa wa wani da baki. Bahon roba na bayan gida kuma a zubar da ruwansa da zarar an gama.

Daji da doguwar ciyawa suna da nasu. Kaskar nan ƙanana ce ƙwarai, wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, kuma wasunsu na ɗauke da cutar Laim, wadda ke iya kawo tabo a fata da zazzaɓi. Bayan kowace fita cikin ciyawa a duba bayan kunne, gindin gashi, hammata, matsematsi da bayan gwiwa. Idan an same ta, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja sama a hankali. Ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai. Hotunan tabon cutar da za ku gani a asibiti jan zobe suke nunawa a farar fata. A fatar yaranmu tabon yakan fi kama da taruwar jini ko wani duhu-duhu, ana iya wuce shi ba a lura ba, don haka idan zazzaɓi ko tabo ya biyo baya cikin makonni, ku gaya wa likita da bakinku cewa kaska ta cije shi. Mazauna kudancin Jamus da Ostiriya su tambayi likitan yara game da rigakafin ciwon kumburin ƙwaƙwalwa da kaska ke yaɗawa a can. Atishawa da jan ido da ƙaiƙayin hanci daga tsakiyar Mayu zuwa Yuli kuwa sau da yawa ba mura ba ce, ƙurar furen ciyawa ce. Idan kun je gonar da ake barin yara su shafa awaki da tumaki, a wanke hannu da sabulu da ruwa kafin a ci komai. Man goge hannu bai isa ba a nan.

Za a yi ruwan sama, ko a Yuli ne. Rigar ruwa da takalmin roba su zauna a ƙasan keke. Ranar da ya ƙi ɗaukewa, laburaren unguwa na da zaman waƙe-waƙe da karatun labari na ƙanana, katin shiga kyauta ne, kuma babu mai harararku don yaro ya yi ƙara. Manyan gidajen tarihi na ƙasa a Biritaniya ba a biyan kuɗin shiga tun Disambar 2001, haka gidajen Smithsonian da ke Washinton har da gidan namun dajinsu. Amfanin kyautar shi ne ba dole ku ga komai a rana ɗaya ba. Ku shiga, yaro ya kalli ƙasusuwan ƙatuwar dabbar teku da ake kira whale da ke rataye a zauren gidan tarihin halittu na Landan, ya gaji bayan minti arba'in, ku fito ba tare da zuciyarku na lissafin asara ba.

Idan ɗanku bai shiga makaranta ba tukuna, kuna da gatan da iyayen manyan yara ba su da shi. Makarantun Ingila ba sa tafiya hutu sai wajen ƙarshen Yuli, su dawo farkon Satumba. A Sikotlan hutun na farawa ƙarshen Yuni ya ƙare tsakiyar Agusta. Duk wata babbar fita da kuke da niyya, ku yi ta a Yuni ko farkon Yuli, ranar aiki, kafin layi ya yi tsawo. In dole sai cikin cunkoso, ku ɗauki hotonsa da kayan da ke jikinsa kafin ku bar gida, ku rubuta lambar wayarku a ɗan ƙyalle ku ɗaura masa a hannu.

Satumba ma ba a zubar da ita. Yara sun koma aji, filayen wasa sun koma hannun ƙanana, ruwan teku bai riga ya huce ɗumin da ya tara ba. Lahadin ƙarshe na Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a Turai, daga ranar kuma kafin biyar na yamma duhu ya shiga a Landan. Rigar sanyin bara ba za ta shige shi ba, ku gwada masa ita tun yanzu.