Yadda ake shirya ƙaramin ɗaurin aure a wata ƙasa ba tare da taron jama'a ba

Ba kowane ango da amarya ne ke sha'awar taron ɗaruruwan mutane ba. Akwai waɗanda burinsu shi ne su yi tafiya zuwa wani wuri da suka daɗe suna marmarin gani, su da iyayensu da 'yan tsirarun makusanta, ko ma su biyu kawai da shaidu, a ɗaura aure cikin natsuwa a dawo gida. Abin da mutane da yawa ba sa ganewa sai aski ya zo gaban goshi shi ne cewa ƙaramin biki yawan baƙi kawai yake ragewa, amma aikin takardu ƙaruwa yake yi da zarar an tsallaka iyakar ƙasa. Saboda haka ne matakan nan suka ba doka da takardu fifiko a kan zaɓen wuri mai kyawun gani, duk da cewa zuciya ta fi karkata ga na biyun.

Mataki na farko shi ne ku zauna ku biyu ku yanke yawan mutanen da za su halarta, domin kusan komai a kan wannan adadi yake ginuwa. Kowannenku ya rubuta sunayen waɗanda ba zai iya yin aure babu su ba, ba tare da ya leƙa takardar ɗan'uwansa ba, sannan ku haɗa. Daga nan ku kafa ƙa'ida guda wadda kowa zai fahimta, misali iyaye da 'yan'uwan da kuke ciki ɗaya kawai, ku tsaya a kanta. Da zarar kun yi wa aboki ɗaya alfarma, wasu goma za su ji an ware su, kuma nan da nan taron mutum takwas zai koma na hamsin.

Mataki na biyu ya fi kowanne nauyi, wato tantance inda za a ɗaura auren da hukuma ta sani. Hanyoyi biyu ne a gabanku. Kuna iya yin rajista a ƙasar da kuke zaune, sannan ku tafi can ku yi shagalin da babu ruwan hukuma da shi, ko kuma ku yi komai da komai a ƙasar da za ku je. A ganina hanya ta farko ta fi dacewa da yawancin mutane, saboda tana sauke musu nauyin fassarar takardu da jiran amincewar ofishin da ba su san tsarinsa ba. Amma idan ranku ya kafe a kan ta biyu, to ku sani ƙasashe sun bambanta ƙwarai a kan wannan batu.

A Faransa, alal misali, auren da doka ta amince da shi sai a ofishin magajin gari, kuma dole ɗayanku ko ɗaya daga cikin iyayenku ya kasance mazaunin garin, ko ya zauna a cikinsa na wata guda a jere, bayan haka a manna sanarwar auren ta kwana 10. Wannan ne ya sa akasarin baƙin da ake gani suna biki a tsofaffin gidajen sarautar ƙasar sun riga sun yi rajista a gida. Jibralta kuwa, wato ƙaramin yankin Birtaniya da ke kudancin Sifen, kwana ɗaya kawai take buƙata ku yi a cikinta, kafin auren ko bayansa. Danmak ta yi suna wajen karɓar masoyan da suka fito daga ƙasashe daban-daban, inda ake tura takardu ta intanet ga hukumar kula da dokokin iyali, idan ta amince ta ba da takardar izini mai aiki na wata huɗu. A birnin Las Vegas na Amurka kuna iya zuwa ku biyu da katin shaida ku karɓi lasisin aure, a ɗaura a ranar, yayin da jihar Kolorado ta yarda ma'aurata su sa hannu da kansu ba tare da mai ɗaura aure ko shaidu ba.

Ƙauyen Gretna Green na Sikotilan ya isa misali a kan yadda dokokin nan ke sauyawa. Daga shekarar 1754, lokacin da dokar Ingila ta wajabta amincewar iyaye ga duk wanda bai kai shekara 21 ba, matasa suka riƙa tsallaka iyaka zuwa wannan ƙauye, inda maƙerin garin ke ɗaura musu aure a gaban uwar maƙera. A 1856 aka sa sharaɗin zama na kwana 21 a ƙasar domin a rage wannan gudu. A yau ƙauyen yana nan yana karɓar ƙananan bukukuwa, amma sai kun miƙa sanarwa ga ofishin rajista aƙalla kwana 29 kafin ranar, kuma wanda zai shigo Birtaniya daga waje domin yin aure yana buƙatar biza ta musamman da aka tanada don haka, ba ta yawon buɗe ido ba. Duk ƙasar da kuka zaɓa, ku samo sharuɗɗan daga shafin hukumarta ko ofishin jakadancinta, kada ku dogara da tallan otal ko labarin wani da ya yi nasa shekarun baya.

Idan kuna bin tafarkin addini, a wannan mataki ne za ku daidaita shi da na hukuma. Musulmi na buƙatar waliyyi da shaidu, don haka ko dai su kasance cikin tafiyar ko a kammala wannan ɓangare kafin a tashi. 'Yan Katolika kuwa daga cocinsu na gida ake fara haɗa musu takardu a aika wa cocin da za a je, abin da kan ɗauki watanni.

Mataki na uku shi ne haɗa takardu, kuma a nan ne shiri ya fi yawan wargajewa. Abubuwan da aka saba nema su ne fasfo, da takardar shaidar haihuwa, da takardar da ke tabbatar da cewa babu wani aure a kanku da zai hana wannan, sai kuma takardar saki ko ta rasuwar abokin zama ga wanda ya taɓa yin aure. Idan harshen takardun ya bambanta da na ƙasar, za a nemi fassarar wanda hukuma ta rantsar, ba ta kowane mai jin harshen ba. Sannan akwai batun tabbatar da sahihancinsu. Ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar birnin Hague ta 1961 hatimi ɗaya suke nema, wanda ake kira afostil, amma idan ƙasarku ba ta ciki, takardar za ta bi ta ma'aikatar harkokin wajenku, daga nan ta wuce ofishin jakadancin ƙasar da za ku je, kowanne da nasa layin da nasa kuɗin.

Wahalar ita ce wasu daga cikin takardun suna da wa'adi. Ofisoshi da dama ba sa karɓar shaidar rashin aure da ta wuce wata uku ko shida da fitowa, ke nan wanda ya yi saurin karɓa ya yi asara kamar wanda ya makara. Dabarar ita ce ku ɗauki kalanda ku fara ƙirga daga ranar auren zuwa baya, kuna rubuta ranar da kowace takarda za ta fito da ranar da za ta lalace. Bayan haka ku shimfiɗa dukkansu a kan tebur ku bi sunayen harafi bayan harafi. Fasfo ya ce Muhammad, takardar haihuwa ta ce Mohammed, ko wata takarda ta sa sunan mahaifi a gaba wata ta sa shi a baya, wannan kaɗai ya isa ma'aikacin rajista ya turo muku fayil ɗin ta ƙarƙashin gilashi ya ce ku je ku gyara, alhali ofishin da zai gyara yana nesa da ku da tafiyar jirgi.

Biza ita ce mataki na huɗu, kuma ba taku kaɗai za ku duba ba, har da ta kowane baƙo. Ƙasashen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, suna karɓar takardar nema daga wata shida kafin tafiya, kuma bai kamata a wuce kwana 15 kafin ranar ba a miƙa ba, sannan fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fitowa. Wasu ƙasashen wata shida suke nema. Kada ku biya kuɗin da ba a mayarwa kafin bizar mutanen da suka zama dole ta fito, kuma idan kun lura mahaifiyar ɗayanku za ta sha wahalar samu, sauya ƙasa ya fi sauƙi a kan yin aure babu ita.

Sai yanzu a mataki na biyar za ku tsayar da wuri da rana. Hoton da kuka gani a intanet an ɗauke shi ne a rana mafi kyau ta shekara, don haka ku binciki yanayin watan da kuke so. Lokacin guguwar tekun Atlantika, wadda ke shafar tsibiran Karebiyan, yana farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. A ƙasashen kudancin duniya irin su Afirka ta Kudu da Ostireliya, Disamba zafi ne, Yuli kuma sanyi. A Aislan hasken rana a tsakiyar Disamba bai fi na awa huɗu da ɗan ɗori ba, yayin da tsibirin Santorini na Girka ke cika maƙil da masu yawon buɗe ido a Yuli da Agusta. Ku tambaya ko wurin yana buƙatar izini, domin gandun daji irin na Yosemite a Amurka ba a yin ɗaurin aure a cikinsa sai da takarda, komai ƙanƙantar taron. Ku kuma tanadi ɗaki mai rufi da za a koma idan hadari ya taso, sannan ku tuna da dattawan da ke cikin tafiyar kafin ku zaɓi wurin da sai an hau tsauni.

Batun kuɗi, wanda shi ne mataki na shida, yana son gaskiya tun da wuri. Ku faɗa wa baƙi a fili abin da kuka ɗauka da abin da ya rage a kansu, ko tikiti ne ko masauki ko abinci, domin kowa ya auna aljihunsa ya amsa ba tare da kunya ba. Ku ware wani kaso na kasafin ku ajiye saboda canjin kuɗi da ka iya tashi tsakanin ranar da kuka yi ciniki da ranar biya, kuma ku yi inshorar tafiya. Idan akwai wurin da bai kamata a yi tsumulmula ba, to wajen mai ɗaukar hoto ne, tunda ta hannunsa ne duk waɗanda ba su je ba za su ga ranar. Mai shirya biki ɗan ƙasar, wanda ya san ofishin rajista kuma yake jin harshen, shi ma ya cancanci ladansa. Kafin ku tura wa kowa kuɗin kafin alƙalami, ku yi magana da shi ta bidiyo, ku nemi ganin cikakken aikin biki ɗaya daga farko har ƙarshe maimakon zaɓaɓɓun hotuna, kuma ku karɓi yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi abin da zai faru idan an ɗage ranar.

Mataki na bakwai babu takarda a cikinsa, amma shi ne wanda kuskurensa ya fi daɗewa bai warke ba, wato sanar da dangi. Iyaye da manyan makusanta su ji daga bakinku, ido da ido in da hali, tun kafin a sayi tikiti. Ku bayyana dalilinku a taƙaice, ku saurari ɓacin ransu ba tare da jayayya ba, domin wanda ya ji haushin rashin gayyata yawanci ƙauna ce ta sa. Kuna iya shirya musu kallon ɗaurin auren kai tsaye ta waya, ko ku sa ranar ƙaramar liyafa bayan dawowa. Ku roƙi waɗanda suka raka ku kada su sa hoto a Facebook ko Instagram sai kun gama kiran duk wanda ya kamata a kira.

Idan tafiya ta zo, ku isa da kwana biyu ko uku kafin ranar, kuna sane da cewa ofisoshin rajista da dama ba sa buɗewa a ƙarshen mako da ranakun hutun ƙasar. Takardu na asali da zobba da kayan da za ku sa su kasance a jakar hannu, kada su shiga cikin kayan da ake aunawa, domin akwatin da ya bi wani jirgi ba lallai ne ya iso kafin a tashi daga taro ba. A yanki tikiti da sunan da ke cikin fasfo, ko da amarya na da niyyar sauya suna daga baya. Ku tabbatar shaidu sun riƙe katin shaidarsu, kuma idan ba ku jin harshen da za a yi amfani da shi, ku tambaya ko doka ta wajabta tafinta.

Mataki na ƙarshe yana zuwa ne bayan an sa hannu. Ku karanta takardar shaidar auren a tsanake tun kuna gaban ma'aikacin, ku duba sunaye da ranakun haihuwa da lambobin fasfo, sannan ku nemi kwafi biyu ko uku masu hatimin ofishin. Idan za ku yi amfani da ita wajen neman izinin zama ko sauya suna ko wata harka ta banki da inshora, ku sa a buga mata afostil ko hatimin ofishin jakadancinku kafin ku bar ƙasar, saboda yin hakan daga nesa yana cin kuɗi da lokaci. Da kun dawo, ku tuntuɓi ofishin rajistar aure na inda kuke zaune ku ji ko ana buƙatar shigar da auren cikin kundinsu, da kuma ko za su nemi fassarar takardar.